ABIN DA KE JAWO ƘONE MAJAMI'U A ƘASAR MASAR

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka yi a wani taron ƙara wa juna ilmi a kan zaman tare tsakanin mabiya addinai.



Maganar da za a duba a yau ita ce ta ɓarnar da ake yi wa ɗakunan ibada na Kirista, da ƙiyayyar da akan nuna wa mutanen da addininsu ba shi da rinjaye a inda suke zaune. Magana ce mai faɗi, saboda haka ya fi kyau a ɗauki ƙasa guda a bi tarihinta daki-daki. Ƙasar da aka zaɓa kuwa ita ce Masar. Masar ba baƙuwa ba ce ga mutanen wannan ƙasa, domin can ne Jami'ar Azhar take, inda ɗalibai suke zuwa neman ilmi, can kuma aka buga da yawa daga cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. Har ila yau babu wata ƙasar Larabawa da ta kai ta yawan Kirista.

Abin da tarihin Masar ya nuna shi ne, ba a wayar gari haka kawai a ga majami'a tana cin wuta. Kafin a kai ga ƙyasta ashana akwai abubuwa uku da kan share fage, watau dokar da ta mai da ibadar wasu abin roƙo, da jita-jitar da ba a kashe ta da wuri ba, da kuma sanin cewa wanda ya yi ɓarna ba zai ga hukunci ba.

SU WANE NE ƘIBƊAWA?

Kiristan Masar su ne ake kira Ƙibɗawa. Galibi akan ƙiyasta su kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar, wadda yawanta ya wuce miliyan 100. Su dai ba baƙin haure ba ne. A bisa tarihinsu, Markus ne ya kawo addinin Kirista birnin Iskandariyya tun a ƙarni na 1. Musulmi ma sun san su sarai, domin Mariyatu, mahaifiyar Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Baƙibɗiya ce.

Sa'ad da Amru ɗan Asi ya ci Masar a zamanin Sayyidina Umar, tsakanin shekarar 639 da 642, ya tarar shugaban Ƙibɗawa, Binyaminu, ya yi fiye da shekara 10 yana ɓoye saboda tsanantawar Rumawa. Amru ya ba shi amana, ya koma kan kujerarsa. Daga baya, da wani gwamna ya rushe wasu majami'u, Imam Laisu ɗan Sa'adu, babban malamin fiƙihu na Masar wanda ya yi zamani da Imam Malik, ya ba da fatawa a sake gina su, yana ganin yin haka yana cikin raya ƙasa. Aya ta 40 ta Suratul Hajji kuwa ta jera ɗakunan ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai, a cikin abubuwan da Allah yake kare su daga rushewa.

Amma tarihi ba zuma zalla ba ne. A shekarar 1009 Halifa Al-Hakim na daular Faɗimiyya ya sa aka rurrushe majami'u, har da babbar majami'ar nan ta Birnin Ƙudus. A shekarar 1321, zamanin Mamalik, taron jama'a ya farfasa majami'u masu yawa a biranen Masar. Sa'an nan kuma a shekarar 1919, lokacin da Masarawa suka tasar wa Turawan Ingila a ƙarƙashin Sa'adu Zaglul, tutar da suka ɗaga tana ɗauke da jinjirin wata da gicciye a haɗe, har wani limamin Ƙibɗawa mai suna Sarjiyus ya hau mumbarin Azhar ya yi wa jama'a jawabi. Watau mutanen nan sun san zaman lafiya, sun kuma san fitina. Abin tambaya shi ne, mene ne yake karkatar da su wajen ɗaya su bar ɗaya?

NA FARKO: DOKA

A shekarar 1856 Sarkin Musulmin daular Usmaniyya, Abdulmajid na 1, ya fitar da wata doka wadda ta ce gina majami'a sai da izinin sarki. Da daular ta wuce, sai izinin ya koma hannun Sarkin Masar, daga bisani kuma hannun Shugaban Ƙasa. A shekarar 1934 wani mataimakin Ministan Harkokin Cikin Gida, Al-Azabi Basha, ya ƙara sharuɗɗa 10 da tilas a cika kafin a ba da izinin. A ciki akwai auna nisan filin daga masallaci, da nisansa daga wata majami'ar, da ƙidaya Kiristan da ke wurin, da tambayar maƙwabta Musulmi ko suna da ja. In filin yana kusa da Kogin Nilu ko hanyar jirgin ƙasa, sai an nemi yardar ma'aikatun da ke kula da su. Shekaru da dama ko gyaran bangon da ya tsage sai takarda ta kai fadar Shugaban Ƙasa, kuma sai a zamanin Husni Mubarak ne aka mayar da izinin gyara hannun gwamnonin larduna.

Jama'a su dubi abin da wannan ya haifar a ƙauye. Mutane suna ƙaruwa, takarda kuwa tana kwance a ofis shekara da shekaru. Ga biki, ga jana'iza, ga ibadar Lahadi, majami'a mafi kusa kuma tana wani gari. Sai mutane su taru su riƙa ibada a gidan wani, ko a ɗakin taron wata ƙungiya. To, wannan gini ba shi da takarda. Duk ranar da wani ya so tada zaune tsaye, abin da zai ce kawai shi ne ana yin majami'a ba bisa doka ba. Kafin ɗan iska ya ɗauko galan na kananzir, ita hukuma ta riga ta kira ginin haramtacce.

Haka ta faru a Khanka, wani gari a arewa da Alƙahira, ran 6 ga Nuwamba, 1972. Aka cinna wuta a ɗakin wata ƙungiyar Kirista da ake ibada a ciki ba da takarda ba. Shugaban Ƙibɗawa, Fafaroma Shenuda na 3, ya tura limamai masu yawa suka je suka yi addu'a a kan tokar, abin da ya biyo baya kuwa shi ne aka afka wa gidaje da kantunan Kirista. Majalisar Dokoki ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mataimakin shugabanta, Dokta Jamal al-Udaifi. Kwamitin ya gano cewa mafi yawan majami'un ƙasar ba su da takardar izini, ya kuma ba da shawara a sassauta sharuɗɗan. Aka karɓi rahoto, aka yi godiya, aka jefa shi cikin akwati. Sai bayan shekara 44 aka yi sabuwar doka.

A cikin waɗannan shekaru an sha wuya. A watan Yuni na 1981 gardama a kan wani fili a unguwar Zawiyatul Hamra ta Alƙahira ta zama faɗa na kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 17 suka mutu, Ƙibɗawa kuwa suka ce adadin ya fi haka nesa. A watan Satumba na wannan shekara Shugaba Anwar Sadat ya tsare Fafaroma Shenuda a wani gidan ruhubanawa cikin hamada, bai fito ba sai a watan Janairu na 1985. Shekara 30 bayan rikicin Zawiya, ran 30 ga Satumba, 2011, aka rushe wata majami'a a ƙauyen Marinab na lardin Aswan. Maimakon gwamnan lardin ya sa a kama masu laifi, sai ya fito yana cewa ai ginin masaukin baƙi ne, ba majami'a ba. Ƙibɗawa suka yi jerin gwano a Alƙahira ran 9 ga Oktoba zuwa ginin gidan talabijin na gwamnati da ake kira Maspero. Motocin sulke na soja suka bi ta kan mutane, fiye da 25 suka rasa rayukansu. Ƙananan sojoji uku kaɗai aka hukunta, ɗaurin shekara 2 zuwa 3.

Ko inda babu mai mugun nufi ma, ƙuncin doka ya ci rayuka. Ran 14 ga Agusta, 2022, gobarar lantarki ta kama majami'ar Abu Saifain a unguwar Imbaba, mutum 41 suka mutu, da yawansu yara. Bene ne mai hawa huɗu a cikin wani matsattsen lungu, irin gine-ginen da mutane suka mayar wurin ibada tun zamanin da samun izini ya fi ƙarfinsu.

NA BIYU: JITA-JITA DA KUƊIN GORO

In aka bi asalin yawancin rikice-rikicen nan, sai a tarar abin da ya tashe su ƙarami ne. Rikicin Al-Kushi, a lardin Suhaj, ya faro ne daga cacar baki tsakanin wani ɗan kasuwa da mai sayayya a ƙarshen Disamba na 1999. Kafin ƙura ta lafa ran 2 ga Janairu, 2000, an kashe mutum 21, kusan dukkansu Ƙibɗawa. A watan Maris na 2011 aka ƙone majami'ar ƙauyen Sul, kusa da Adfihi, saboda zancen soyayya tsakanin wani Kirista da wata Musulma. A watan Mayu na wannan shekara aka baza labari a Imbaba cewa an kulle wata mata da ta musulunta a cikin majami'a, aka yi faɗa, fiye da mutum 10 suka mutu, aka kuma ƙone wata majami'ar dabam wadda ba ita ake zargi ba. A watan Afrilu na 2024 aka ƙona gidajen Kirista a ƙauyen Fawakhir na lardin Minya saboda raɗe-raɗin za a gina majami'a.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne yi wa jama'a kuɗin goro. Mutum ɗaya ake zargi, amma unguwa guda ake ƙonewa, alhali kuwa shari'ar Musulunci ba ta ɗora wa wani rai laifin wani, balle laifin da ba a tabbatar ba.

Mafi girman misali shi ne na shekarar 2013. Ran 3 ga Yuli soja suka tumɓuke Shugaba Muhammad Mursi. A wurin sanarwar, Shehun Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, da shugaban Ƙibɗawa, Fafaroma Tawadros na 2, duk suna zaune. Ran 14 ga Agusta jami'an tsaro suka tarwatsa magoya bayan Mursi a dandalin Rabi'atul Adawiyya, suka kashe ɗaruruwan mutane a yini guda. Wannan kisa ne mai muni, babu mai hankalin da zai kare shi. Amma manomin ƙauyen Minya ba shi ya harba bindiga ba. Duk da haka a kansa aka huce. Ƙungiyar Human Rights Watch ta lissafa majami'u 42 da aka ƙone ko aka lalata, ƙungiyar Amnesty International kuma ta ce an kai wa dukiyoyin Kirista fiye da 200 hari, watau gidaje da kantuna da makarantu. A garin Dalja aka wawashe wani tsohon gidan ibada da ya haura shekara 1,000, jami'an tsaro kuwa ba su shiga garin ba sai ran 16 ga Satumba, bayan fiye da wata guda. A Bani Suwaif aka ƙone makarantar 'yan Katolika, aka tasa sistocin da ke koyarwa a gaba cikin titi, sai wata Musulma da ta taɓa koyarwa a makarantar ta janye su ta shigar da su gidanta.

NA UKU: SULHUN DA YA MAYE GURBIN SHARI'A

Sulhu alheri ne, kowa ya san haka. Amma a ƙauyukan Masar akwai wani abu da ake kira zaman sulhu na al'ada, wanda akan yi bayan irin wannan ɓarna. Jami'an tsaro su tara manyan gari da limaman ɓangarorin biyu, a yi jawabai, a rungumi juna a gaban masu ɗaukar hoto. Sharaɗin da akan gindaya shi ne waɗanda aka zalunta su janye ƙara. Wani lokaci 'yan sanda kan kama mutane daga kowane ɓangare, har da waɗanda aka ƙone wa gida, don kowa ya matsu ya sa hannu a sako masa ɗansa. Sau da yawa a ƙarshe majami'ar da aka yi rikici a kanta sai ta kasance a rufe. A farkon shekarar 2012, a yankin Amiriyya kusa da Iskandariyya, irin wannan zama ya yanke a kori iyalai 8 na Ƙibɗawa daga ƙauyensu saboda zargin da ake yi wa mutum ɗaya, har sai da maganar ta kai Majalisar Dokoki. Wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Masar ta yi nazarin irin waɗannan zama har 45 da aka yi tsakanin 2011 da 2014, ta kuma nuna cewa galibi mai rauni ne yake biyan kuɗin sulhun.

Inda aka je kotu ma, sakamakon bai cika kwantar da rai ba. A shari'ar Al-Kushi an gurfanar da mutum 96, a shekarar 2001 kotu ta sallami 92, huɗun da suka rage kuwa ba a same su da laifin kashe Ƙibɗawan nan ba. A watan Mayu na 2016, a ƙauyen Al-Karm na lardin Minya, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 70 tsirara aka ja ta a titi, saboda zargin da ake yi wa ɗanta. Bishop ɗin yankin ya ƙi yarda da zaman sulhu, ya ce sai kotu. Shugaba Abdul Fattah al-Sisi da kansa ya yi alkawarin za a hukunta masu laifi. A watan Disamba na 2020 kotu ta sallami mutum ukun da ake tuhuma. A watan Disamba na 2017 kuma aka farfasa wata majami'a a Kafrul Wasilin. Kotun farko ta yanke wa mutum 19 ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka, sa'an nan ta ci Baƙibɗen da ginin yake da sunansa tarar fam 360,000 na Masar saboda gini ba da izini ba. Yaron da ya ga wannan hukunci ya riga ya koyi darasi, kuma ba darasin alheri ba ne.

WUTA BA TA TSAYA A MAJAMI'A BA

Wanda ya saba ƙona ɗakin ibadar wani ba ya rasa wani ɗakin da zai ƙona. A watan Maris na 2009 aka ƙone gidajen mabiya addinin Baha'i a ƙauyen Shuraniyya na lardin Suhaj. A watan Yuni na 2013 taron jama'a ya kashe 'yan Shi'a huɗu, har da malaminsu Hasan Shahata, a wani ƙauye na lardin Giza. Daga nan sai ƙungiyar da ke kiran kanta Daular Musulunci ta shigo da bama-bamai. Ta kashe mutum 29 a majami'ar Budrusiyya ta Alƙahira a watan Disamba na 2016, da fiye da 40 a majami'u biyu a Ɗanɗa da Iskandariyya ran 9 ga Afrilu, 2017, da kuma 28 a cikin motocin masu ziyarar wani gidan ruhubanawa a Minya ran 26 ga Mayu. Wata shida bayan haka, ran 24 ga Nuwamba, 2017, 'yan bindiga suka kewaye masallacin Rauda a arewacin Sina'i ana cikin sallar Juma'a, suka kashe fiye da mutum 300, domin wai masallacin 'yan ɗariƙa ne. Ba a taɓa yin harin ta'addanci da ya ci rayuka kamarsa ba a tarihin Masar na zamani, kuma Musulmi ne ya ci.

ABIN DA AKA GYARA DA ABIN DA YA RAGE

Adalci ne a faɗi inda aka yi ƙoƙari. Bayan bom ɗin da ya kashe fiye da mutum 20 a wata majami'ar Iskandariyya a daren sabuwar shekara ta 2011, Musulmi da yawa sun je majami'u a daren Kirsimetin Ƙibɗawa, ran 6 ga Janairu, suka tsaya tare da maƙwabtansu don su zama garkuwa. A wannan shekara Azhar da majami'u suka kafa majalisar da ake kira Gidan Iyalin Masar don kashe fitina tun tana ƙarama. Soja sun sake gina majami'un da aka ƙone a 2013. A watan Janairu na 2019 wani manjo na 'yan sanda, Musulmi, ya rasa ransa yana ƙoƙarin kwance bom da aka ɗana kusa da wata majami'a a Alƙahira, kashegari kuma aka buɗe babbar majami'a da babban masallaci a rana guda a sabon babban birnin ƙasar.

Tsarin mulki na 2014 ya wajabta wa majalisa ta yi dokar gina majami'u, aka kuwa zartar da ita, Doka ta 80, a ƙarshen Agusta na 2016. A ƙarƙashinta gwamnan lardi ne yake ba da izini, kuma tilas ya ba da amsa cikin wata 4. An miƙa takardu 3,730 na neman halatta tsofaffin gine-gine, zuwa shekarar 2024 an amince da fiye da 3,000. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai dokar ta ɗaure girman majami'a da yawan Kiristan da ke wurin, kuma har yanzu majami'a da masallaci ba doka ɗaya ke bi da su ba. Abin da ya faru a Kafrul Wasilin da Fawakhir duk bayan dokar ne, abin da ya nuna takarda kaɗai ba ta isa ba muddin mai ɓarna yana kwana a gidansa.

Mutanen wannan ƙasa ba su bukatar dogon bayani a kan haka. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya ci masallatai a can, ya kuma ci majami'u a Zariya da Kaduna da Funtuwa. Wanda yake da rinjaye a wannan gari, shi ne marar rinjaye a wancan.

Saboda haka abubuwa uku ne suka wajaba a kan kowace hukuma. Na farko, ƙa'idar gina ɗakin ibada ta zama ɗaya ga kowa, a rubuce, da wa'adin ba da amsa. Na biyu, da zarar jita-jita ta ɓulla, sarakuna da malamai da 'yan sanda su tare ta tun ba ta kai bakin kasuwa ba, wanda ake zargi kuma a kai shi gaban alƙali shi kaɗai, a bar danginsa da unguwarsu. Na uku, a yi sulhu bayan an yi hukunci an kuma biya diyya, kada a sa wanda aka ƙone wa gida ya sayi zaman lafiya da janye ƙararsa. Rahoton kwamitin bincike kuwa, in an karɓa, a yi aiki da shi tun masu shaida suna raye.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasashe lafiya.